Tantance Girman Yara da Harshen Gida a Filifin: Tambayoyi da Amsoshi

A shekarar 2022 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da wani nazari da ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 1.6 ne ke da nakasa a ƙasar Filifin, kuma rainon irin wannan yaro yakan ci wa iyali kuɗi fiye da na sauran yara da kashi 40 zuwa 80 cikin 100. Da yawa daga cikin yaran nan ba a farga da halin da suke ciki sai sun isa shiga makaranta. Shi ya sa aka daɗe a ƙasar ana ƙoƙarin samar da takardun tantancewa da uwa za ta gane tambayoyinsu da harshen da take yi wa ɗanta magana. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Mece ce takardar tantance girman yaro?

Jerin tambayoyi ne da 'yan gwaje-gwaje masu sauƙi da ake yi don a ga ko yaro yana kaiwa matakan da sa'o'insa ke kaiwa: riƙe wuya, zama, rarrafe, tatata, gwaranci, kiran mama da baba, nuna abu da yatsa, ɗaukar ƙaramin abu da yatsu biyu, wasa da 'yan'uwa. Wasu takardun uwa ce ke amsawa, wasu kuma ma'aikaciya ce ke ba yaron abin wasa ta zuba ido ta ga yadda zai yi.

Aikinta kamar na rariya ne. Ana tankaɗe yara da yawa cikin ɗan lokaci, waɗanda suka tsaya a sama sai a kai su wurin ƙwararre ya duba su da kyau. Rariya ba ta faɗa maka ko abin da ya tsaya tsakuwa ce ko dusa. Haka ita ma takardar ba ta sa wa ciwo suna. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro yana da wata 9, wata 18 da wata 30, sannan a yi gwajin otizim, lalurar da wasu kafofin labarai ke kira galahanga, yana da wata 18 da wata 24. Likitocin yara a Filifin ma wannan jadawalin suka fi bi.

Ai mutanen Filifin suna jin Turanci. Me ya kawo zancen fassara?

Suna ji, kuma tsarin mulkin ƙasar na 1987 ya sa Turanci da Filifino su ne harsunan hukuma. Amma Turancin ofis da na makaranta daban, maganar da kaka ke yi a kan jikanta daban. Ƙasar tsibirai ce fiye da 7,000, da harsuna fiye da 170. Matar mai kamun kifi a tsibirin Samar tana iya karanta allon farashi da Turanci, amma idan aka tambaye ta ko ɗanta yana wasan kwaikwayon manya, ko yana neman ta kalli abin da yake kallo, ma'anar sai ta zame mata. Ba za ta ce ba ta gane ba. Za ta ce "e" ne don kada ta ji kunya a gaban malamar asibiti, kuma wannan "e" ɗin kaɗai ya isa ya sa a sallami yaron da ya kamata a tura gaba.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Idan takardar da Turanci take, kowace ma'aikaciya takan juya ta da baki yadda ta ga dama. Ta wannan unguwa ta ce "yana iya tafiya?", ta waccan ta ce "yana tafiya shi kaɗai ba a riƙe shi ba?". Tambaya ɗaya ta zama biyu, makin da aka tara kuwa ba zai auna abu ɗaya ba.

Waɗanne takardu ne ake amfani da su a ƙasar?

Wadda ta fi tsufa ita ce MMDST, gwajin birnin Manila. Asalinta gwajin Denver ne da William Frankenburg da Josiah Dodds suka fitar a Amurka a 1967. Wata malamar jinya, Dokta Phoebe Williams, ita ta gyara shi ta gwada shi a kan yaran Manila kimanin dubu shida, aka buga sakamakon a shekarun 1980. Yana duba fannoni huɗu a yaro ɗan ƙasa da shekara shida da rabi: mu'amala da mutane, aikin yatsu, harshe, da motsin manyan gaɓoɓi. Ɗaliban jinya a ƙasar sun daɗe suna koyonsa. A jakar gwajin akwai ƙararrawa, ƙwallo, kacau-kacau, jan zare mai tunku da 'yan katakai takwas. Abin da ya fi burge ni shi ne, inda Amurkawa ke ba yaro busasshen inabi don a ga yadda zai tsince shi, a Manila sai aka sa ɗan abin taɓa-ka-lashe mai cuku da yaran gari suka saba da shi. Wannan ma fassara ce, ko da yake babu kalmar da aka taɓa.

Ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa a yau, ita ce takardar ECCD, wato ta shirin kula da girman ƙananan yara. Ita ba a ɗauko ta daga waje ba, a gida aka gina ta, aka gwada ta a kan yara fiye da dubu goma daga yankuna daban-daban a 2001. Tana da kundi biyu: na farko daga haihuwa zuwa shekara 3, na biyu daga shekara 3 da wata 1 zuwa shekara 5 da wata 11. Fannoninta bakwai ne: motsin manyan gaɓoɓi, aikin yatsu, yi wa kai hidima, fahimtar magana, furta magana, tunani, da zamantakewa. Malaman ajin share fage suna cike ta ga yaran da suka shigo makarantun gwamnati, kuma ana samunta da Filifino.

Sai kuma waɗanda aka aro daga waje aka juya. Akwai M-CHAT-R/F, mai tambayoyi 20, ta Diana Robins da Deborah Fein da Marianne Barton, wadda ake nema wa alamun otizim a yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Akwai PEDS ta Frances Glascoe, tambayoyi 10 kacal, duk a kan abin da ke damun iyaye game da ɗansu, daga haihuwa har kusan shekara 8. Irin waɗannan gajerun takardu su ne suka fi jan hankalin masu fassara, domin uwa na iya amsa su tana zaune a kan benci tana jiran layi.

To ina wahalar take? Ba a sami mai jin harsunan biyu ya juya ba kawai?

Da haka ne da an gama tuntuni. Wahalar kala uku ce, kuma juya kalmomi ita ce mafi sauƙi.

Ɗauki nahawu. Tsohon gwajin Denver yana duba ko yaro ya fara jam'i, wato ko yana ƙara harafin nan na ƙarshen kalma da Turanci ke nuna yawa da shi. Tagalog, harshen Manila da aka gina Filifino a kansa, ba ta yin haka. Kalma ce guda, "mga", ake sawa a gaban suna. Babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa yaro zai ƙware a wannan a daidai watan da ɗan Amurka ke ƙwarewa a nasa. Haka wakilin suna: Tagalog tana da "siya" ga namiji da mace duka, saboda haka tambayar da ke auna ko yaro yana bambanta "shi" da "ita" ba ta da wurin zama. Ƙirga kuwa, yaron Manila yana iya jin lambobi da Tagalog a gida, da Sifaniyanci wurin faɗin lokaci da farashi, da Turanci a talabijin. Da wanne za a gwada shi?

Kala ta biyu ita ce al'ada. Tambayoyi da dama na M-CHAT a kan nuni da yatsa suke: idan kin nuna abu, yana duba? Yana nuna miki abin da ya ba shi sha'awa? Mutanen Filifin sun shahara da nuni da baki, su turo leɓe wajen abin da suke nufi, kamar yadda mu ma muke yi idan hannu na riƙe da kaya. Dole mai fassara ya tsaya ya tambayi kansa abin da tambayar ke nema a zahiri. Abin da take nema shi ne ko yaron yana jawo hankalin wani zuwa ga abin da shi ya gani. Idan aka manne wa yatsa aka manta da wannan, za a yi kuskure. Haka tambayar ɗaure igiyar takalmi ga yaron da bai taɓa sa komai ba sai silifas, ko hawa matakala ga wanda gidansu ba bene, ko riƙe cokali mai yatsu ga wanda ake ci da hannu a gidansu. Yaro ya kasa abin da bai taɓa gani ba, wannan ba jinkirin girma ba ne.

Masu gina takardar ECCD sun gane haka. Cikin abubuwan da take dubawa a fannin zamantakewa akwai ko yaro yana gaida manya da "mano", wato ya kama hannun babba ya ɗora a goshinsa, da ko yana sa kalmomin ladabi irin su "po" da "opo" idan yana magana da na gaba da shi. Babu takardar Amurka da za ta yi tunanin wannan tambaya. Bahaushe kuwa zai gane ta nan take, domin mu ma muna lura da ranar da yaro ya fara durƙusawa ya gaida kakarsa ba a ce masa ya yi ba.

Kala ta uku ita ce ma'auni, kuma ita ce aka fi tsallakewa saboda tsada. Kowace takarda tana da iyakar maki da ke raba wanda za a sallama da wanda za a tura gaba. An samo iyakar ne daga yaran da aka gwada takardar a kansu tun farko. Idan yaran Boston ne, to ma'aunin Boston ne. Mudun wani gari ba lalle ya yi daidai da na garinku ba, ko da an rubuta masa suna da harshenku. A ganina, takardar da aka fassara sabuwar takarda ce, kuma ba ta cancanci a dogara da makinta ba sai an sake gwada ta a kan yaran da za a yi wa amfani da ita.

Yaya ake yin fassarar idan ana so ta inganta?

Hanyar da masu bincike suka saba bi ita ce: mutum biyu su juya takardar zuwa Filifino kowa shi kaɗai, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya kuma wanda bai san fannin ba. A haɗa fassarar biyu a fitar da guda. Sai a ba wasu da ba su taɓa ganin ta asali ba su mayar da ita Turanci, a gwama a ga inda ma'ana ta kauce. Daga nan kwamitin likitoci da masana harshe su zauna a kai. Takardu da yawa kuma suna da masu haƙƙin mallaka, sai an nemi izininsu kafin a taɓa.

Matakin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne bayan duk wannan: a zauna da iyaye mata na gaske, a karanta musu tambaya, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. A nan asiri ke tonuwa. Ana iya samun fassarar da malaman jami'a suka yaba, amma an yi ta da Tagalog mai zurfi irin ta littafi, wadda ba mai magana da ita a kasuwa. Mutanen Manila suna gauraya Tagalog da Turanci a zancensu na yau da kullum, kuma sau da yawa kalmar aro ita ce uwa ta fi ganewa. Mu ma idan aka ce wa uwa "na'urar sanyaya kayan abinci" sai ta yi jim, alhali da an ce firji an wuce wurin.

Kalma ɗaya tana iya sauya sakamako. Tambayoyin PEDS duk suna tambayar abin da ke damun iyaye. Idan kalmar da aka zaɓa ta yi nauyi, ta zama kamar fargaba ko tashin hankali, uwa za ta ce babu, don ba ta so ta yi wa ɗanta mugun baki. Idan kuma ta yi sauƙi, ta zama kamar kulawa, kowace uwa za ta ce akwai, don wace uwa ce ba ta kula da ɗanta?

A ƙarshe sai a gwada takardar a kan yara da yawa, a gwama da hukuncin ƙwararru. Abin da aka saba nema shi ne ta kama aƙalla 70 zuwa 80 cikin 100 na yaran da ke da matsala, ta kuma sallami kusan wannan adadi na masu lafiya.

Idan an juya zuwa Filifino, an gama da ƙasar ke nan?

Ina! Filifino a kan Tagalog aka gina shi, harshen Manila da kewayenta. A tsakiyar ƙasar da kudancinta miliyoyin mutane Sebuwano suke yi. Akwai Ilokano a arewa, akwai Hiligainon, Warai, Bikol da Kapampangan. A yankunan Musulmi na Mindanao da tsibiran Sulu, akwai Maranao, Magindanao da Tausug. Waɗannan harsuna ne masu zaman kansu, ba karin harshe ba.

Misali ɗaya ya isa. Kalmar "langgam" a Tagalog tururuwa ce, a Sebuwano kuwa tsuntsu. A ce takarda ta umarci ma'aikaciya ta nuna wa yaro hoton tsuntsu ta tambaye shi sunansa. Yaro mai jin Sebuwano ya ce "langgam", ya faɗi daidai. Ma'aikaciyar da ta zo daga Manila ta rubuta ya kasa. Irin wannan sau uku ko huɗu, an mayar da lafiyayyen yaro mai jinkirin magana.

Wa ke cike takardar, kuma a ina?

Ƙaramar hukuma mafi ƙanƙanta a Filifin ita ce barangai, kamar unguwa ko mazaɓa, kuma sun kai kusan 42,000. Wata doka ta 1990 ta ce kowace barangai ta sami gidan rainon yara. Ma'aikatan waɗannan gidaje, da masu aikin sa-kai na lafiya a unguwa, da ungozomomin gwamnati, da malaman ajin share fage, su ne ke riƙe da takardun. Yawancinsu mata ne 'yan unguwar, sun san gidan kowa, amma ba likitoci ba ne, kuma aikin ya yi musu yawa: awon nauyi, rigakafi, rabon abinci mai gina jiki, ga kuma rahoto.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar kula da ƙananan yara ta 2000, da wadda ta maye gurbinta a 2013, da dokar kwana dubu na farko ta 2018, da dokar 2022 da ta wajabta a nemo yara masu nakasa da ba sa zuwa makaranta a shigar da su.

Wani abin lura shi ne wanda ke amsa tambayoyin. Miliyoyin 'yan ƙasar suna aiki a waje, a Saudiyya da Dubai da Hong Kong da sauransu, kuma duk wanda ya je asibiti a Makka ko Jidda ya ga ma'aikatan jinyarsu. Yaran da suka bari sau da yawa a hannun kaka ko goggo ko 'yar raino suke. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda yaron ke wuni a hannunsa, ko da ba shi ne ya haife shi ba.

Yaya ake karanta makin?

A takardar ECCD ana tara makin kowane fanni, a juya shi bisa shekarun yaro zuwa lamba tsakanin 1 da 19. Daga 7 zuwa 13 daidai ne. Daga 4 zuwa 6 alamar ɗan jinkiri ce, daga 1 zuwa 3 kuma jinkiri mai yawa. Jimillar duka fannonin ita ma ana juya ta zuwa wata lamba: daga 80 zuwa 119 daidai ne, 70 zuwa 79 ɗan jinkiri, 69 zuwa ƙasa kuwa a hanzarta bincike. Takardar da kanta ta gargaɗi mai amfani da ita cewa ba ta auna kaifin ƙwaƙwalwa, ba ta kuma yanke hukuncin likita.

A M-CHAT, kowace amsa mai nuna matsala maki ɗaya ce, saboda haka maki 0 zuwa 2 ba abin damuwa. Maki 3 zuwa 7 sai a sake zama da uwa a bi tambayoyin da yaron ya kasa ɗaya bayan ɗaya da misalai. Maki 8 zuwa sama a tura shi kai tsaye. Akwai tarko a nan: a tambayoyi uku, ta 2 da ta 5 da ta 12, "e" ce alamar matsala, a sauran kuwa "a'a". Ma'aikaciyar da ba a koya mata ba za ta ƙirga su a juye.

Bakwaini kuma ana rage masa makonnin da ya riga lokacinsa kafin a zaɓi shafin shekarunsa, har ya kai shekara biyu.

Idan yaro bai haye gwajin ba, nakasasshe ne ke nan?

A'a. Yana iya zama yunwa yake ji ran nan, ko zazzaɓi, ko ƙiwa ta hana shi sakin jiki da baƙuwa. Amma kada a mayar da wannan hujjar share zancen. A babban gwajin da aka yi wa M-CHAT-R/F a Amurka, wanda aka buga a 2014, yaran da suka ci gaba da nuna alama bayan zama na biyu, kusan rabinsu an tabbatar suna da otizim, kuma kusan 95 cikin 100 an same su da wani jinkiri ko wata matsalar girma da ke buƙatar kulawa. Wani lokaci abin da ake zaton otizim ne sai a tarar kunne ne ba ya ji.

Ai kowane yaro da lokacinsa. Ba gaggawa ake yi ba?

Rabin maganar gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta buga sakamakon a 2006. Zama ba tallafi yana zuwa tsakanin kusan wata 4 da wata 9. Tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Kimanin 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka miƙe kawai. Tazarar tana da faɗi, amma tana da baki. Yaron da ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina abin da a da yake yi, wannan ba a ce masa "zai yi". A Filifin ma iyaye suna cewa namiji ya fi jinkirin magana, ko ubansa ma haka ya yi. Da wannan lallashi ake cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara.

Jin harsuna biyu ko uku a gida yana jinkirta magana?

Ba ya jinkirtawa. Amma a ƙirga kalmomin yaron na dukan harsunan a haɗe. Wanda ke da kalma goma da Ilokano, goma da Tagalog, biyar da Turanci, kalma 25 gare shi.

Wannan shi ne gwajin jinin da ake yi wa jarirai?

Daban ne, amma hanyarsu ɗaya. Filifin ta fara gwajin jinin dunduniyar jariri a 1996 a asibitoci 24 na Manila, ƙarƙashin jagorancin Dokta Carmencita Padilla, ya zama doka a 2004. Yanzu yana neman cututtuka fiye da 20, ciki har da ƙarancin sinadarin maƙoshi, wanda idan aka kama shi a makonnin farko aka fara magani yaro zai tashi lafiya lau, idan kuwa aka makara ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. A 2009 aka yi dokar gwada jin kowane jariri. Ƙa'idar da ake bi ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Waɗannan gwaje-gwaje sau ɗaya ake yinsu. Takardar tantance girma kuwa maimaita ta ake yi, domin shawara mai tsanani, sanƙarau, tamowa ko faɗuwa duk suna iya taɓa yaron da aka haifa lafiya.

Iyaye suna yarda su faɗi abin da suka gani?

Ba kullum ba. Suna da kalma, "hiya", wadda ta yi kusa da kunyarmu, kuma tana hana mutum faɗin abin da zai jawo wa gidansu magana. Akwai kuma yadda mutane ke fassara lalura tun kafin likita ya zo. Wasu su ce "lihi" ne, wato abin da uwa ta yi kwaɗayi ko ta yawaita kallo tana da ciki. Wasu su ce "sumpa" ko "gaba", la'ana ko alhaki. Wasu su ce iskoki ne suka taɓa shi, a tafi wurin "albularyo", mai maganin gargajiya. Wasu kuma su ce kyautar Allah ce, su rungumi yaron da ƙauna amma ba su nemi komai ba.

Ma'aikaciyar da ta fara da ƙaryata waɗannan ta rasa uwar. Wadda ta fara da tambayar abin da yaron ya iya, ta yaba, sannan ta gangaro kan abin da bai fara ba, ita ake gaya wa gaskiya. Wannan ba ya cikin takarda, sai a horo.

Bayan an tantance, sai me?

Nan ne gizo ke saƙar. A ƙasar da ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 109, likitocin yara da suka ƙware a fannin girma da ɗabi'a kusan ɗari ne kacal, kuma yawancinsu a Manila da manyan birane suke. Iyaye kan jira watanni kafin a gan su. Masu koyar da magana da masu gasa gaɓoɓi su ma sun yi kaɗan, da yawa sun tafi aiki ƙasashen waje. Iyalin da ke wani tsibiri sai sun biya kuɗin jirgin ruwa da masauki kafin kuɗin likita.

Akwai abin da aka tanada. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, PhilHealth, tana da tsari na musamman ga yara masu matsalar girma, motsi, gani da ji, sai dai cibiyoyin da aka amince su ba da wannan hidima ba su da yawa. Katin shaidar nakasa yana ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 a magani da sufuri da wasu hidimomi. A 2018 an amince da yaren kurame na Filifin a matsayin na ƙasa. Amma gaskiyar magana, gaya wa uwa cewa ɗanta yana da jinkiri sannan a sallame ta ba inda za ta, ƙara mata nauyi ne. Shi ya sa a wuraren da abin ke tafiya ba a jiran takardar ƙwararre kafin a fara: a duba ji da gani, a duba abinci, a koya wa mai raino yadda za ta riƙa yi wa yaron magana da wasa kowace rana, a sa shi cikin sa'o'insa a gidan raino, layin likita kuma yana tafiya.

Za a iya ɗauko takardar Filifin a juya ta zuwa Hausa?

Hanyar da suka bi ita ce abin ɗauka, takardar kuwa tasu ce. Buƙatar dai tana nan. Wani babban nazari da likita 'yar Najeriya, Bolajoko Olusanya, ta jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya ƙiyasta cewa yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da nakasar girma a duniya a 2016, kashi 95 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Afirka an riga an gwada gina takardu daga tushe: akwai ta Kilifi a Kenya, akwai ta Malawi da aka buga a 2010. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ma'aunin na yara daga haihuwa zuwa wata 36, wanda aka gwada a ƙasashe masu al'adu daban-daban.

Wanda zai yi ta Hausa zai tarar da irin tambayoyin da suka tarar. Jam'in Hausa yana da siga da yawa, gida gidaje, yaro yara, doki dawaki, kuma sai an bi yara an ga a wane wata suke kama kowace. Yaron da ke wuni a goye ba a san lokacin rarrafensa ba sai an auna. Uwar da ke kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, wataƙila kakarsa ce ko kishiyar uwa za ta fi iya amsa tambayoyin. Sannan Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram ba kalmominsu ɗaya ba a kan abubuwan gida, ga wanda boko yake karantawa da wanda sai ajami, ga kuma wadda sai an karanta mata.